Haibirid ko Mai Fetur Zalla: Wacce Ce Za Ta Jure Zafin Sakkwato?

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, mai neman mota ba ya fara tambayar launi ko shekara, sai dai ya ce "nawa take sha?" Wannan ya sa idanu suka koma kan haibirid, wato motar da ta haɗa injin fetur da batir mai ƙarfi. Fasahar ba sabuwa ba ce, Toyota ta fitar da Prius tun 1997 a Japan. Abin dubawa shi ne yadda za ta zauna da rana da ƙurar garin nan.

Mu fara da lissafi. Corolla mai inji 1.8 takan yi kilomita 10 zuwa 12 da lita ɗaya a cikin gari. Prius ƙirar 2010 zuwa 2015, idan tana da lafiya, takan kai 18 zuwa 20. Wanda ke yin kilomita 50 a kullum zai rage kusan lita biyu, wato lita 60 a wata. Sirrin shi ne injin yana mutuwa da kansa a cunkoso, sannan taka birki yakan mayar wa batir caji. Amma a doguwar tafiya, kamar Sakkwato zuwa Gusau ko Birnin Kebbi, injin fetur ne ke jan kusan komai, sai tazarar ta ragu. Mai yawan doguwar tafiya ya tsaya kan Corolla ko Camry ta fetur, wadda kowane bakanike ya san cikinta kuma kayanta na ko'ina.

Maganar duk tana kan babban batirin. Na Prius ƙananan batura ne jeri 28, kowanne bolt 7.2, na Camry haibirid kuwa 34. Ba ruwa ke sanyaya shi ba, wata 'yar fanka ce ke zuƙo iskar cikin mota ta wata kafa da ke kusa da kujerar baya. Ka sa yatsa a ragar kafar nan bayan hunturu, za ka ciro ƙura dunƙule kamar auduga. Da ta toshe, batir ya yi ta dahuwa a ɓoye, ga watan Afrilu zafi ya haura digiri 40. Jerin tsakiya ne ke fara gajiya domin su zafi ya fi taruwa a kansu. Sau da yawa laifin ba na motar ba ne, jakar kaya ko filo aka jingina a bakin kafar. A wanke fankar aƙalla sau biyu a shekara, a riƙa neman inuwa, a kuma kunna esi, domin sanyin da ke ratsa fasinja shi ne batirin ma ke shaƙa.

Kada ka biya kuɗi sai an jona na'urar bincike. Lambar P0A80 na nufin batir ya ƙare. Wasu dillalai sukan goge ta, don haka rashin ganinta ba shaida ba ne. A karanta ƙarfin kowane rukunin jerin batirin mota na tafiya, idan ɗaya na faɗuwa ƙasa da 'yan uwansa, to akwai magana. Ka kuma lura da alamar caji a allo: in tana cika ta zube cikin 'yan mintuna, batirin ya tsufa. Sauya jeri ɗaya ko biyu da na hannu yana da arha, sai dai faci ne, ba a daɗewa wani ya biyo baya.

Kowace ƙira da nata ciwon. Prius ta 2004 zuwa 2009 famfon ruwan sanyaya inbata (na'urar da ke sarrafa wutar batir) ne ke mutuwa, sai lambar P0A93 ta fito. Ta 2010 zuwa 2015 hanyar EGR, wato mai mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji, ke cushewa da baƙin hayaƙi har gaskit ɗin kan inji ya ƙone, alamarsa ita ce girgizar inji da sassafe. Camry ta 2007 zuwa 2011 mai inji 2.4 an san ta da shan baƙin mai, shi ya sa na fi karkata ga ta 2012 zuwa sama mai 2.5. Ga mai shiga ƙauyukan Wurno ko Gada da damina, Prius ta yi ƙasa da yawa.

Kwampiresan esin waɗannan haibirid ɗin na lantarki ne, man ND-11 kaɗai yake karɓa. Mai gyara ya zuba masa irin na sauran motoci, wuta ta fara zurarewa, mota ta ƙi tashi. Wayoyin haibirid masu launin ruwan lemo kuwa suna ɗauke da fiye da bolt 200, suna iya kisa, ba wurin koyon hannu ba ne. Saboda haka ka fara samun bakaniken da ya san haibirid kuma yake da na'ura, ka tambayi farashin batir a ranar, ka ware kuɗinsa gefe guda, sannan ka je wurin dillali.