Shagon maganin Sin da na kai Baba saboda ƙullutun huhu

Tari ne ya kai Baba asibiti a tsakiyar hunturu, muna zaton ƙurar Katsina ce kawai. Aka gwada kakinsa, babu tarin fuka. Da aka yi hoton CT, wanda ke nuna cikin jiki dalla-dalla, sai ga wani ɗan ƙullutu a huhun dama, milimita 7, bai fi ƙwayar wake ba. Likita ya ce yawancin irin waɗannan ba daji ba ne, sau tari tabon tsohon ciwo ne da ya warke, amma tunda Baba ya sha taba shekarun da yana tuƙin babbar mota, a dawo bayan wata 6 a sake hoto. Da ya haura milimita 8, in ji shi, da maganar ta canza, don a nan ake fara tunanin ƙarin bincike ko tsakurar nama. Ko ƙwaya ɗaya bai rubuta mana ba.

Wannan jiran shi ya gagare mu. Mutum ya ji akwai abu a huhun ubansa, a ce ya koma gida ya zauna? Shi ya sa da maƙwabcinmu ya yi mana kwatancen wani shagon maganin gargajiyar Sin a wajen Ƙofar Ƙaura, washegari na ɗauki Baba a mashin.

In faɗi alherinsu tukuna. Wurin tsaf yake, kuma matashin da ke kula da shi bai gaggauta mu ba. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya riƙe wuyan hannunsa na dama da yatsu uku, sannan na hagu, ya ce "Alhaji, a ɗan fito da harshe." Ya tambayi barci, cin abinci, har gumin dare. Ya bayyana mana cewa a fahimtar likitancin Sin, ƙullutu majina ce da ta dunƙule haɗe da jinin da ya daina gudu sosai. Wannan fahimtarsu ce, ba abin da hoto ke nunawa ba, sai dai Baba ya ji daɗin an saurare shi kusan rabin awa. Daren nan ya yi minshari, abin da ya kwana biyu bai yi ba.

Inda muka fara saɓawa na'ura ce. Wani ɗan ƙarfe aka ba Baba ya damƙe, an jona shi da kwamfuta, cikin minti biyu ta zano huhu da hanta da ƙoda, kowanne da jan layi. Ban ga yadda ƙarfen da ke tafin hannu zai hango abin da sai CT ta gano ba. Na tambaya, sai ya kawo mini zancen tazargade, wai ai maganin zazzaɓin cizon sauron da muke sha daga ganyen Sin ya fito. Gaskiya ne, har masaniyar kimiyya 'yar Sin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015 a kansa. Amma wancan an tace shi, an gwada shi a kan marasa lafiya. Ba a yi wa kwalbar da ke gabana haka ba, kuma a jikinta ma an rubuta cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Duk da haka na saya, shayi da kafso na wata guda, kuɗin ya kusa cinye rabin albashina na koyarwa. Kuskurena shi ne ban kai wa likita ya gani ba. Mako uku da farawa ƙafafun Baba suka kumbura, jininsa ya hau, alhali yana shan maganinsa na hawan jini. Da muka je da kwalayen, likita ya sa yatsa a kan suna ɗaya, gan cao, wata saiwa mai zaƙi da ake yawan sawa a haɗin Sin. Tana riƙe gishiri da ruwa a jiki, tana ɗaga jini. Ya ƙara da cewa mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, kuma ya kiyayi wata saiwar Sin da ake kira danshen. Mai shagon ya tambayi komai, ban da magungunan da Baba ke sha. Wannan ne ban yafe ba.

Muka ajiye shayin, kumburin ya saɓe. Motsa jiki da atisayen numfashin da suka koya masa a shagon kam har yau yana yi bayan sallar asuba, a tsakar gida, jikoki na kwaikwayonsa suna dariya.

Hoto na biyu ya fito, milimita 7 ɗin nan dai, ba ƙari. Mai shagon da ya ji ya ce maganinsa ne ya tsayar da shi. Likita kuwa tun ranar farko ya ce haka ya fi zato. Ya ba mu ranar wani hoton baɗi, na rubuta a bayan katin asibiti. Sauran kafson kuma yana saman durowa, Baba ya hana a zubar, wai kuɗi ne.