Karkatar da kira: a kan wayar tebur ko a uwar garke?

Alhaji, ka ce ka danna maɓallin wayar tebur ɗin ofishinka na Kantin Kwari don kira ya riƙa biyo ka wayar hannu, amma manhajar da ke kwamfutarka ba ta nuna an canza komai ba, kuma ran Juma'a kwastomomi sun yi ta kira ba su same ka ba. Ina kyautata zaton matsalar tana wurin da umarnin ya zauna.

Idan ka saita daga jikin wayar, a yawancin wayoyi irin su Yealink da Grandstream umarnin a cikin wayar yake kwana. Kira zai zo mata tukuna, sannan ita ta ce wa uwar garke, wato na'urar da ke rarraba kiran ofis, "tura shi lamba kaza". Manhaja ba ta da labari. Mafi muni, da an ɗauke wuta, ko yaron shago ya kashe janareta ya tafi masallaci, wayar ta mutu, mai isar da saƙon ma ya mutu. Na ga haka da idona a wani ofishi a Bompai: wayar tana nan da kibiyar alamar karkatar da kira a fuskarta duk safiya, ƙarfe ɗaya aka kashe inji, har la'asar ba kira ɗaya da ya fita.

In kuwa a uwar garke ka saita, kiran ba ya ma buƙatar isa teburinka. Tun daga can ake juya shi. A Microsoft Teams saitin yana ajiye ne a asusunka ta intanet, don haka wayar tebur da aka ƙera domin Teams da manhajar abu ɗaya suke karantawa. Kamfanin Cisco ma haka, manhajarsu ta Jabber da wayar tebur layi ɗaya suke rabawa, ka canza a nan ka gani a can. Masu uwar garke irin ta FreePBX kuma, *72 ke kunna karkatarwar, *73 ke kashewa, kuma ko da daga wayar ka danna, galibi a uwar garke yake zama. Sai dai fa idan uwar garken a cikin ofishin take, a sa mata inbata, don ita ma wuta take ci.

Yealink na da saitin da ke daidaita maɓallin wayar da uwar garke, amma sai uwar garken ta san yarensa. Ka sa mai haɗa muku layi ya duba.

Ni dai saitin uwar garke nake ba ka shawara, Alhaji, ba tare da wata tantama ba. Ka goge na jikin wayar gaba ɗaya, kada biyun su riƙa karo. Ka kuma sani duk kiran da aka tura lambar wayar hannu, ofis ne ke biyan kuɗinsa, alhali in manhajar ce ta yi ƙara a wayarka, data kawai za ta ci.

Sannan ka duba layin hannun naka. Danna *#21# ka ga ko shi ma yana tura kira wani wuri. ##002# na share duka. Bayan nan ka zare wayar tebur daga wuta, ka sa wani ya kira lambar ofis kana tsaye.