Teburin karatu da na saya daga shagon kafintocin gidan gyaran hali

Watanni shida ke nan da na sayi teburin karatu da kujeru biyu daga shagon kafinta na wani gidan gyaran hali da ke jiharmu, kuma ina ganin lokacin ya isa in faɗi yadda na same su. An yi teburin da katakon maɗaci wanda ya bushe sosai, shi ya sa har damina ta wuce bai kumbura ba, bai kuma tsage da shigowar hunturu ba. Abin da ya fi burge ni shi ne haɗin ƙafafunsa, domin an fafe katakon an zura wani cikin wani an sa gam, maimakon a jibga ƙusoshi kamar yadda ake yi wa kayan bakin titi. Farashinsa bai kai abin da aka yanka mini a kasuwa ba.

Akwai abubuwan da ba su yi mini daɗi ba. Fentin kujera ɗaya ya yi kauri har ya zubo ya daskare a gefe, aljihun teburin kuma yana cijewa idan an ja shi. Sannan an yi mini alkawarin mako biyu, amma sai da na yi mako biyar ina zarya, kuma kowace zuwa sai na ajiye waya a ƙofa, an caje ni, gandiroba ya raka ni ciki. Binciken dole ne, jinkirin kuwa rashin tsari ne kawai.

A cikin wannan zaryar na san wanda ya yi aikin, wani magidanci mai ƙarancin magana da aka ɗaure kan sata. Na ga yana shafa saman teburin da tafin hannu, yana neman inda bai yi sumul ba, ya sake gogewa ba tare da kowa ya sa shi ba. Tun a 2019 doka ta sauya sunan hukumar gidajen yari ta Najeriya zuwa hukumar gyaran hali, ta kuma tanadi a bai wa fursunan da ya nuna halin kirki takardar shaida idan ya fita, don kada a nuna masa wariya saboda zaman da ya yi. Amma da maƙwabcina ya ji inda na samo teburin, cewa ya yi shi ba zai ajiye kayan ɓarawo a ɗakinsa ba. Maganar ta ɓata mini rai, domin alƙali ya yanke wa mutumin shekaru ƙididdigaggu, mu kuma a unguwa muna ƙara masa hukuncin da ba shi da ranar ƙarewa.

Jami'in da ke kula da shagon ya shaida mini cewa waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci ne ke koyon sana'ar, alhali mafi yawan mutanen da ke tsare a ƙasar nan masu jiran shari'a ne, wasunsu shekara da shekaru. Duk da haka na riga na ba da aikin kantar littattafai, na kuma roƙi a bai wa kafintan nan, tunda saura watanni kaɗan ya fita kuma ina so in san inda zai buɗe shago.