Akwatunan Shayi Biyu na Ingila: Wanne Ya Ci Kuɗinsa?

Ɗan'uwa, na ga hotunan akwatunan ganyen shayin nan biyu na katakon mahogani da ka turo, ɗaya an ce maka na wajen 1780 ne, ɗayan na ƙarshen zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wato wajen ƙarshen ƙarni na 19. Kana mamakin yadda na farkon ya fi tsada alhali na biyun ya fi girma da sheƙi.

Kada sheƙi ya ruɗe ka. Na 1780 an yi shi ne lokacin da harajin shayi a Ingila ya kai kashi 119 cikin ɗari, sai a 1784 aka sauko da shi zuwa 12.5. Shi ya sa yake ɗan ƙarami kuma da makulli. Uwargida ce ke riƙe da ɗan makullin, ba ta bar wa 'yan aiki. Katakon wancan zamani daga Jamaika ko Kuba yake, ja ne mai duhu, ga nauyi. In ka samu dama ka ɗauke shi a tafin hannu, nauyinsa zai ba ka mamaki.

Na Biktoriya kuwa galibi katakon Honduras ne, ko ma na Afirka ta Yamma, dangin madacin nan namu. Bai da nauyi sosai, kuma fallen katakon da aka liƙa a jikinsa ta waje inji ne ya yanka, siriri kamar kwali. Na tsohon da zarto aka yanka, kaurinsa na bayyana a inda gefe ya ɓantare.

Ni abin da na fi dubawa sukurorin murfi ne. Na dā da hannu aka yi su, bakinsu dakusasshe ne, tsagar kansu ta ɗan kauce wa tsakiya. In ka ga masu tsini duk iri ɗaya a na 1780, ko dai akwatin bai kai shekarun da ake faɗa ba, ko an taɓa shi. Ka leƙa ciki ma: dalmar da aka shimfiɗa wa tsohon ta kan zama toka-toka, ta kankare.

Da ni ne, na farkon zan ɗauka, in ya tabbata. Sai dai farin abin nan da ya kewaye ramin makullinsa, ka tambayi dillalin ko ƙashi ne ko hauren giwa, don tun 2022 ba a sayar da mai haure a Birtaniya sai da rajista. Kuma in ya iso, don Allah kada ka ba kafinta ya goge ya shafa banish, wannan dushi-dushin shi ka biya.