Wata takwas da Leica D-Lux 8 a Jidda: me ƙarin kuɗin ya saya mini?

Abin da ya sa na nemi kyamara shi ne mahaifiyata. Ta zo Umra daga Kano, ta sauka wurina a Jidda, na ɗauke ta hoto da waya a Balad, tsohon garin Jidda, bayan magariba, ƙarƙashin tagogin katakon nan na tsofaffin gidaje da ake kira rawashin. Da na duba daga baya, sai na ga wayar ta shafe mata fuska sumul kamar ta 'yar shekara talatin, katakon kuma ya cakuɗe. Ba Hajiyar da na sani ba ce. Abin ya tsaya mini a rai, na ƙudura cewa kafin ta sake zuwa zan mallaki kyamara ƙarama wadda za ta shiga jakar hannu.

Leica D-Lux 8 na saya. Ta fito a 2024 a kan dala 1,595, wato kusan riyal 6,000 tunda dala ɗaya riyal 3.75 ce, kuma a nan sai ka ɗora harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari. Ga mai albashi irin nawa, kuɗi ne da sai da na yi wata da watanni ina tarawa.

Mijin yayata, wanda ke zaune a Makka, shi ya fara tare ni. Yana da Panasonic Lumix LX100 II tun da daɗewa. Ya ce, "Ƙanena, jan tambarin nan na Leica kawai za ka saya, cikinsu ɗaya da tawa." Ban ji daɗin maganar ba a lokacin, amma gaskiya ya faɗa a kan abin da ke ciki. Kamfanonin biyu sun daɗe suna aiki tare. Kyamararsa ta fito a 2018 a kan dala 999, Leica kuma ta fitar da tagwayenta, D-Lux 7, a shekarar a kan dala 1,195. Tawa ta gaji kayan cikin nan: sensa (ɓangaren da ke karɓar haske ya mai da shi hoto) mai megafiksel 17, da gilashin zuƙowa daga milimita 24 zuwa 75 mai buɗewa f/1.7 zuwa f/2.8. Har gilashin da ke kan tasa ma sunan Leica ne a rubuce.

Sai muka gwada. Wata Juma'a da yamma muka fita bakin teku, muka tsaya wuri guda, muka ɗauki yara da jiragen ruwa da maɓuɓɓugar Sarki Fahad bayan an kunna fitilu. Da muka buɗe hotunan a kwamfuta, wallahi sai da muka riƙa duba sunan fayil kafin mu gane na wane ne. Akwai ɗan bambancin launi a hoton da kyamara ta gama sarrafawa da kanta, nawa ya fi sanyi a ido, nasa ya fi ƙarfin kala, amma abu ne da minti ɗaya na gyara zai daidaita. Duk wanda ya ce maka hoton wannan ya ninka na waccan kyau, ka ce ya nuna maka su gefe da gefe.

Inda na ga bambanci shi ne a hannu. An rage maɓallan baya sun zama 'yan kaɗan, jerin saitin da ke cikin allo kuma gajere ne, mutum ba ya ɓata a ciki. Ta Yaya, mijin yayata, kuwa maɓalli ko'ina, saiti shafi bayan shafi, har shi da ya shekara da ita wani lokacin sai ya tsaya lalube. Ni zobe nake juyawa a jikin gilashi in buɗe ƙofar haske, in juya na sama in saita saurin ɗauka, shi ke nan. Tagar leƙawa ma an sabunta ta, ta fi tasa haske da tsabta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da rana ke hana ka ganin allo da azahar. Cajinta da wayar USB-C ne, irin ta wayata, don haka caja ɗaya nake ɗauka idan za mu Madina. Akwai kuma ɗan makunni a saman gilashin da ke sauya fasalin hoto, murabba'i ko mai faɗi, amma wannan tasa ma tana da shi.

Wannan sauƙin ya sa nake fita da ita kullum, nauyinta kusan giram 400 ne kacal. A walimar auren wata 'yar unguwarmu, cikin ɗaki mai ƙarancin haske, na ɗauki dattawan mata suna zaune da lalle a hannu, fatarsu ta fito da launinta na gaskiya, ba a ƙara mata fari ba, ba a goge layukan tsufa ba. Uwar amarya ta riƙe hoton da na wanko mata ta daɗe tana kallo. Waya ba ta taɓa ba ni irin wannan ba. Sai dai na san ta Yaya ma da ta ba ni.

Akwai abubuwan da mai saye ya kamata ya sani tun a shago. Allon baya ba ya lanƙwasawa, idan kana son ɗaukar yaro daga ƙasa sai ka durƙusa. Ba a yi mata kariyar ƙura da ruwa ba, kuma gilashin yana fita yana shiga, shi ya sa ranar da iska ta taso da yashi ba na ciro ta daga jaka. Ba ta da filasha a jiki, ƙarama ce daban a cikin kwali da ake maƙalawa. Zuƙowarta gajeriya ce. Daga gindin Dutsen Uhudu ba za ka jawo abin da ke nesa ba. Kuma ga yara masu guje-guje, kama hoto da sauri ba nan ta fi ƙarfi ba.

Wani abokin aikina ya tambaye ni ko ya saya. Na ce masa idan zai sami LX100 II ta hannu mai lafiya, ya duba cikinta da kyau kada ƙura ta shiga, ya saya, ragowar kuɗin ya wanke hotuna ya aika gida. Sabuwarta ta yi wuya a kasuwa yanzu, kuma wannan na cikin dalilan da suka tura ni ga Leica. Wanda yake son sabuwa fil, kuma yawan maɓalli ke sa ya ajiye kyamara a durowa, shi ne ƙarin kuɗin zai yi wa amfani. Ni a wannan rukunin nake, ban kuma yi nadama ba.

Hajiya ta dawo da azumin da ya wuce. Na mai da ita lungun nan na Balad, kusa da Gidan Nasif, wani tsohon gida na tarihi, a daidai lokacin da na ɗauke ta a karon farko. Hoton yana rataye a falonta a Kano yanzu.