Hayar kayan sauti a Bauchi: sun isa biki, amma wasan waƙa kan rayuwar makaɗi sai da sharuɗɗa

Masu hayar kayan sauti a garin Bauchi sun ƙware a biki, wa'azi, maulidi da gangamin siyasa. A duk waɗannan ƙarfi ake saye, kuma suna da shi. Wannan sharhi ya auna su ne da wani aiki dabam, wato wasan daɓe wanda waƙa ce ke ɗauke da labarinsa tun daga buɗe labule har rufewa, labarin kuma na makaɗi ne: yadda ya tashi a gindin ubangidansa yana amshi, ya kafa ƙungiyarsa, ya yi suna, murya ta fara gajiya. Hukuncinmu shi ne kayan da manyan cikinsu ke da su sun isa wannan aiki, amma yadda suka saba haɗa su bai isa ba. Wanda ya biya kuɗi ya ce a kawo masa kayan biki kawai, ya riga ya ɓata wasansa.

A Turai da Amurka irin wannan wasa shi ake kira opera, kuma ana ta yin sabbi a kan mawaƙa da makaɗa. A 2015 an fara nuna Charlie Parker's Yardbird na Daniel Schnyder a Filadelfiya, kan mai busa sakso ɗin nan da ya rasu a 1955. Florencia en el Amazonas na Daniel Catán, wanda aka fara a Houston a 1996, labarin wata mawaƙiya ce da ta hau jirgin ruwa ta bi kogin Amazon za ta koma ƙasarsu ta yi waƙa a birnin Manaus na Brazil. A manyan gidajen opera makaɗa na zaune ne a wani rami da ke gaban dandamali, mawaƙa kuma bisa al'ada ba sa amfani da makirfo, don ginin da kansa an tsara shi ya ɗauki murya. Mu ba mu da wannan rami, ba mu da wannan gini. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne Fela!, wasan kiɗa da rawa kan Fela Kuti da ya hau Broadway, cibiyar manyan gidajen wasan daɓe ta New York, a 2009 ya zo Legas a 2011, inda makaɗa ke kan dandamali tare da 'yan wasa, komai kuma ta lasifika yake fita.

A nan matsalar take. Idan labarin irin na Mamman Shata ne ko Musa Ɗanƙwairo, ganga ba ta ɓuya a gefe, tana cikin labarin. Kalangu na hammatar ɗan wasa, tazararsa da makirfon da ke kumatunsa ba ta wuce kamu biyu ba, kuma ya fi muryarsa ƙara nesa ba kusa ba. Duk lokacin da mai miksa, wato mai kula da na'urar haɗa sauti, ya ɗaga murya, kalangu ya ɗaga tare da ita. Mai kayan da ya saba da DJ da fiyano bai taɓa haɗuwa da wannan ba, domin su kiɗansu ta waya yake shigowa, a tsabtace.

Abin yabo tukuna. Manyan masu haya yanzu suna da miksa ta dijital, irin Behringer X32 mai ɗaukar layi 32, kuma ita ce ya kamata a nema da suna. Tana ajiye saitin kowane fage, ta yadda da an danna maɓalli makirfon waɗanda suka fita zai mutu, na masu shigowa ya kunnu. Ƙaramar miksa ta hannu mai layi 12 ko 16 ba za ta ɗauki wannan wasa ba. Ku lissafa: jagora ɗaya, manyan 'yan wasa huɗu ko biyar, 'yan amshi shida a kan makirfo uku, kalangu biyu ko uku, ƙaramar ganga, wani abin tsirkiya ɗaya, da sanƙira. An riga an kai layi 13 zuwa 15 ba a ajiye na ko-ta-kwana ba. Lasifikarsu ma ba laifi. Ga zauren mutum 300, manya biyu a kan ƙafa da wufa, wato lasifikar ƙasan sauti, ɗaya ko biyu sun wadatar, kuma yaran shagon suna da saurin sauke kaya da jan waya, wannan ba a raina musu.

Inda suke da rauni sosai shi ne makirfo mara waya. Abin da suka fi tarawa na riƙewa a hannu ne, don shi MC da mai wa'azi ke so. Mai kaɗa kalangu kuwa hannunsa biyu a cike suke. Dole a nemi na kai, wanda ke zagayo kunne ya tsaya a gefen baki. Na maƙalawa a ƙirji ba ya aiki da suturarmu: aikin babbar riga yana gogarsa ya yi ta ƙwaras-ƙwaras, kuma duk sanda ɗan wasa ya yafa hannun riga a kafaɗa sai a ji duf a lasifika. Ga mata, mayafi ne ke rufe shi murya ta dushe. Na kai ɗin ma sai an ɗaura shi daidai. Bakinsa ya zauna kamar yatsa biyu daga kusurwar leɓe, ba a gaban baki ba, in ba haka ba kowace "f" da "b" za ta fashe. A manne sandarsa a kumatu da filasta ta asibiti, a sa shi a ɓangaren da ba kalangu yake ba. Mai rawani a fara ɗaura masa makirfo kafin naɗi, a tabbatar amawali bai hau kansa ba. Ɗan akwatin makirfon da ake maƙalawa a kugu a sa shi a 'yar leda, eriya a waje, saboda gumin watan Afrilu a Bauchi yana shiga ramin waya ya kashe shi ana tsakar waƙa.

Sai a tambayi irinsa. Masu arha da yawa mitarsu, wato zangon rediyon da suke aiki a kai, a kafe take, ba a canzawa, kuma idan biyu suka zo a mita ɗaya sai su riƙa yanke juna. Wannan ba ya gyaruwa ranar wasa. Masu aiki a 2.4 GHz suna yin lafiya lau a zaure babu kowa, da mutane sun cika kowa ya kunna hotsfot sai tsinkewa ta fara. A nemi na UHF mai canza mita, a kunna su duka lokaci ɗaya, kowane ɗan wasa ya zaga dandamali yana waƙa, har ya juya baya, domin jikin mutum yana tare sigina. Na'urar karɓa ta zauna a gefen dandamali inda eriyarta ke hango 'yan wasa, ba a cikin akwatin ƙarfe a ƙasan tebur ba. Batir kuma kada a bar wa shago. Irin na tocila mai arha ba ya jure akwatin makirfo, yana iya mutuwa kafin a kai rabin wasa. Ku sayi alkalin da kanku, biyu ga kowane akwati, sababbi a kowane nuni, na jiya a bar su ga gwaji.

Kayan kiɗa kowanne da halinsa, kuma a nan ne mai miksa ke bukatar wanda zai tsaya a kansa. Kalangu a ƙaramin zaure kusan ba ya son ƙari, makirfo ɗaya irin Shure SM57 a kan gajeriyar ƙafa, kamu ɗaya zuwa biyu daga fata, ya ishi mai kiɗan da ke tsaye wuri guda. Kada a yanke masa ƙasan sauti da yawa, don a nan gunjin da yake yi in an sassauta hammata yake, kuma da shi kalangu ke magana. Kotso da taushi da yatsu ake kaɗa su, sun fi laushi, sai an matso musu. Kuntigi irin na Ɗan Maraya Jos shi ne mai wuya duka: ɗan gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya, sautinsa siriri, idan kalangu uku suka tashi ya ɓace gaba ɗaya. Maganinsa ɗan makirfo ƙarami a manne a jikinsa, sannan marubucin wasa ya tsara fagen kuntigi ganguna su yi shiru. Wannan gyaran rubutu ne, ba na miksa ba. Gurmi da garaya haka. Goge yana da kaifi a sama, in an bar shi yadda yake zai soki kunne, a ɗan rage masa tsakanin 3 da 4 kHz. Algaita ba a ba ta makirfo a cikin ɗaki, a tura mai busa can baya. In wasan ya ƙunshi amada irin ta Barmani Choge, ƙwaryar da ke kife a ruwa tana fantsama, makirfo ya tsaya daga sama, waya kuma ta bi nesa da kwano.

Fata ma tana bin yanayi. Da hunturu takan ɗaure sauti ya hau, da damina ta saki ya faɗo, fitilun dandamali masu zafi kuma suna ƙara ɗaure ta ana cikin wasa. Shi ya sa gwajin da aka yi da azahar ba lallai ya yi daidai da bayan isha'i ba. A bar minti goma kafin buɗe ƙofa a sake jin ganguna da fitilu a kunne.

Babbar ɗabi'ar da za a yi faɗa da ita ita ce eko. Hannun mai miksar biki da kansa yake zuwa wurin. A waƙar rawa ba wanda ya damu, amma a wasan da labarinsa ke cikin baiti, kalma ɗaya ta ɓace ma'ana ta tafi. Hausa da karin sauti da tsawon wasali take rarrabe kalmomi, eko kuwa yana ɗora ƙarshen kalma a kan farkon ta gaba. Zaurukanmu da ma tayil ne a ƙasa, bulo a gefe, suna amsawa da kansu. A kashe mai maimaita murya ɗungurungum. In za a sa ɗan laushi a waƙar kaɗaici, kada jelarsa ta wuce daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Kowane makirfon murya a yanke masa abin da ke ƙasa da 100 zuwa 120 Hz, wannan kaɗai yana cire rabin gunjin ganga da takun ƙafa. Wufa a rage ta sosai, kiɗan nan ba na bes ba ne. Kafet ko tabarmi a kan dandamalin katako da labule mai kauri a bangon baya sun fi ƙarin lasifika amfani, kuma ba sa cin kuɗi.

Kukan lasifika kusan kullum daga abu biyu yake zuwa: an ajiye manyan lasifika a bayan 'yan wasa, ko an cika monita, wato lasifikar da ke fuskantar 'yan wasa, da muryoyi. Manyan su tsaya gaba da bakin dandamali, sama da kan masu zama. Monita biyu sun isa, a sa musu muryar jagora kaɗan don 'yan amshi su san inda za su karɓa, ba ganga ko ɗaya. Fagen liƙi yana bukatar shiri na musamman, domin kirarin sanƙira da guɗar mata suna tashi farat ɗaya su fasa sauti. Sanƙira a ba shi makirfon Shure SM58 a hannu, da ma haka ake ganinsa a fili, a sa masa abin danne ƙara. Masu guɗa su kauce daga makirfon amshi taku biyu. Idan zaure mai tsawo ne har aka ƙara lasifika a tsakiya, sai an jinkirta su, kusan milisakan 3 ga kowace mita, wato wajen 60 a mita 20. In ba a yi ba na baya za su riƙa jin kowane baiti sau biyu.

Wuta ba a dogara da ta NEPA ko da an kawo. A fara wasa a kan janareta a gama a kansa, saboda miksar dijital in ta mutu sai ta ɗauki lokaci kafin ta dawo. Na 5 zuwa 7.5 kVA ya ishi sauti a irin wannan zaure, amma fitilu da fanka da firjin lemo su hau wani dabam, su ne ke jawo zuzun nan da ake ji a lasifika. A kai injin aƙalla mita 30, bayan gini, a cika tanki kafin a fara, miksa da na'urorin karɓa kuma su bi ta UPS, na'urar batir mai riƙe wuta in ta ɗauke.

Saura ma'amala. Al'adar shagunan ita ce kaya su iso ranar taro, a ce "helo, helo" a fara. Wasan waƙa ba ya yiwuwa haka. A sa a cikin ciniki cewa mai miksa ɗaya, wanda zai zauna ranar nuni, zai halarci cikakken gwaji sau biyu da duk kayan, a biya shi wannan dabam, ya cancanta. A ba shi rubutun wasa da alamar wanda ke shiga da fita a kowane shafi. Teburinsa ya zauna a cikin masu kallo, wajen kashi biyu cikin uku na tsawon zaure, ba a gefen dandamali inda suka fi so ba, don daga can ba ya jin abin da jama'a ke ji. A rubuta kaya ɗaya bayan ɗaya da sunansu da adadinsu kafin a ba da kafin alƙalami, har da wanda zai sayi mai da wanda zai biya mota. Bayan sallah da lokacin kamfen kaya sukan yi ƙaranci, miksar da aka nuna muku a shago tana iya tafiya wani taron a turo muku ƙarama, takarda ce kaɗai za ta tsaya muku.

Abu ɗaya da ba sa tallatawa, alhali yana hannunsu: X32 tana iya tura layukan 32 kowanne dabam zuwa kwamfuta ta wayar USB. Ku zo da laftof da manhajar ɗauka, a gwada tun a gwajin farko, a ƙara makirfo biyu masu fuskantar jama'a don tafi da shewa. Da wannan za a iya zama a situdiyo daga baya a daidaita kuntigi da kalangu da murya yadda ya dace. In wasan ya yi amfani da waƙoƙin wani makaɗi na gaske, a nemi yardar iyalansa a rubuce kafin a ɗauka, ba bayan an ɗora a YouTube ba.