Garrett Pro-Pointer AT: ƙaramin sandan neman ƙarfe a tsofaffin gine-gine, amfaninsa da iyakarsa

Babbar na'urar gano ƙarfe mai faifai ta fili ce. Da zarar an shiga da ita tsohon gini sai ta ruɗe, domin ƙusoshi da bututun ruwa da wayoyin lantarki duk suna kiranta lokaci guda, ta yi ta kuka ba kai ba gindi. Shi ya sa masu binciken tsofaffin gidaje suka fi dogara da ɗan ƙaramin sandan hannu, kuma ɗaya daga cikin irin waɗannan sanduna shi ne Pro-Pointer AT na kamfanin Garrett da ke jihar Texas a Amurka. Launinsa ruwan lemo ne, tsawonsa kusan santimita 23, nauyinsa bai kai giram 200 ba. Batir ɗaya mai bolt 9 yake ci, kuma kamfanin ya ce batirin alkalin yana kai awa 30.

Madanninsa ɗaya ne. Yana da matakan ji guda uku, kuma za a iya sa shi ya yi ƙara tare da karkarwa, ko karkarwa kaɗai. Yayin da kake matsowa kusa da ƙarfe, ƙarar tana ƙara sauri. Gefensa ma yana ji, ba bakinsa kaɗai ba, saboda haka ana kwantar da shi a share bango ko ƙasan katakon daɓe da shi, in ya yi kuka sai a miƙe shi a nemi ainihin wurin da baki.

Babban abin da ya sa ya dace da cikin gini shi ne sake saiti nan take. A ce ka sa shi a kusurwar da ke da ƙusa, yana ta kuka. Ka riƙe shi a daidai wurin, ka danna madannin sau ɗaya da sauri. Zai yi shiru, ya ɗauki wannan ƙarfen a matsayin babu, faɗin jinsa ya ragu. Yanzu ka matsa a hankali. In ƙarar ta dawo a ɗigo ɗaya tak kuma ta ɓace da ka kauce kaɗan, ƙusa ce. In ta bi layi miƙaƙƙe, bututu ne ko waya, kada ka taɓa. In kuwa ta cika wani fili kamar faɗin tafin hannu, mai gefuna huɗu ko zagaye, to ya cancanci a duba, don haka gwangwani ko ƙaramin akwati yake nuna kansa. A irin wannan wuri mataki na ɗaya, wanda jinsa ya fi ƙanƙanta, ya fi na uku amfani. 

Rauninsa ba ɓoyayye ba ne. Ba ya bambanta ƙarfe da ƙarfe: ƙusa mai tsatsa da zoben zinariya kuka ɗaya suke samu. Pro-Find 35 na kamfanin Minelab yana da sauti dabam ga baƙin ƙarfe, kuma a gini mai ƙusoshi da yawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jinsa ma gajere ne. Tsabar kuɗi guda ɗaya sai tana kusa da 'yan santimita kaɗan yake jin ta, don haka abin da ke bayan bulo mai kauri ba zai gani ba sai in babba ne. Takarda, tangaran da kwalba kuwa ba ruwansa da su, alhali sau da yawa su ne masu daraja a tsohon gida. Maganin wannan shi ne ƙaramar kamara mai doguwar igiya da ake zurawa ta tsaga ko ɗan rami. Ƙaramar fitilar da ke jikin sandan ba ta maye gurbin tocila. Kuma in ya yi minti biyar a kunne ba a taɓa madannin ba, sai ya fara kukan "an manta da ni", wanda ke iya ruɗa sabon hannu.

Ruwa ba ya shigarsa, sai dai hakan ya dogara da zoben robar da ke murfin batir. In ƙura ta taru a kai ko ya bushe, danshi zai shiga. A goge shi a shafa man silikon. Bakinsa roba ne, gogar bulo da siminti yana cinye shi, saboda haka kada a yi tono da shi. Jabunsa sun cika kasuwannin intanet, kamanni ɗaya amma jinsu bai kai nasa ba. A saya wurin dilan da kamfanin ya amince da shi.

Kafin a fara, a kashe wutar ginin daga mita, domin na'urar ba ta san waya mai wuta da marar wuta ba. A sa takunkumi mai kyau saboda ƙurar tsohon fenti mai dalma da ta asbestos, wani kayan gini na da mai cutar da huhu. A kuma samu izinin mai ginin a rubuce, har da yadda za a raba abin da aka samu. Dokoki sun bambanta: a Ingila dokar 1996 ta wajabta kai rahoton abin da ya shiga sahun "taska", wato tsofaffin kayan zinariya da azurfa da makamantansu, cikin kwana 14, wasu ƙasashe kuwa sun hana sayar da kayan tarihi gaba ɗaya.

In an dace, a ɗauki hoton abin a inda yake kafin a ɗaga shi, don masu gwanjo suna tambayar asali. Kada a goge tsohuwar tsaba ko tagulla ta yi ƙyalli. Wannan duhun da ke jikinta shi mai saye yake dubawa, kuma gogewa tana karya farashi.